Bayanin Kwamanda da Ya Tayar da Tungar Kanya

Ranaku da yawa sun wuce ni a aikin nan na manta su, amma ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da aka shigo har cikin aji aka tafi da Yohanna ba. Wasunku sun ji labarin guntu-guntu, wasu kuma an ƙara musu gishiri. Tunda da ni aka yi, bari in faɗa muku yadda abin ya kasance.

A lokacin ni ne shugaban reshen Gummi na cibiyarmu ta koyar da kwamfuta. Rassa uku gare mu kamar yadda suke yanzu: Gummi, Bukkuyum da Anka. Yohanna shi ne mataimakina, kuma babban malamin aji. Mutumin Zuru ne, Kirista, ya daɗe a Gummi har Hausarsa ta koma irin tamu. Matarsa Rifkatu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a cikin gari.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, da safe darasi muke yi: buga rubutu, lissafi a kwamfuta, da horar da masu shirin jarrabawar shiga jami'a. Bayan la'asar sai mu buɗe wa matasa da magidanta su yi wasa. Da sola muke aiki, batir kuma ba ya kai mu nisa, don haka kowa ana yanka masa ɗan lokaci, in ya cika ya tashi na bayansa ya zauna.

Wasan da aka fi so na yaƙi ne, irin wanda kake zama soja a cikinsa. Yana da wani ɓangare da mutum zai iya ƙirƙiro nasa fagen da kansa. Ka zana taswira, ka dasa gidaje da itatuwa, ka ajiye abokan gaba inda kake so, ka tsara abin da ɗan wasa zai yi kafin a ce ya ci. In ka haɗa irin waɗannan fagage da yawa, ɗaya na bin ɗaya, sun zama labari guda. Kafin kowane fage kuma akwai rubutun da ke fitowa a allo, wanda ke gaya wa ɗan wasa inda yake, da dalilin zuwansa, da abin da ake so ya yi. Shi muke kira bayanin kwamanda.

Yohanna ya ƙware a wannan. Ya ce ba dalili mutanenmu su riƙa yaƙi a garuruwan da ba su san irinsu ba, sai ya zana musu rumbuna da gonakin gero da gada a kan gulbi. Bayanin kuma da Hausa yake rubuta shi, shafi biyu, wani lokaci uku. Yakan zauna ya gyara jimla ɗaya kamar mai rubuta littafi.

Mun daɗe muna gardama a kan wannan. Ni na ce babu mai karantawa. Ina tsaye a bayansu ina gani, da rubutu ya fito sai a danna maɓalli a wuce, ko kallon allon ba a yi. Shi kuma ya ce ko mutum ɗaya ne ya karanta, ya isa. Amma a hankali jikinsa ya yi sanyi. Ana saura kamar mako abin ya faru, ya zauna ya rage duk bayanan, kowanne ya mayar da shi layi biyu ko uku, ya ajiye sabon a kan tsohon. Ya ce mini, "Oga, ka ci gardama." Muka yi dariya, muka tashi.

Cikin damina ne, gero ya yi tsawo. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san abin da wannan lokaci ke nufi: 'yan bindiga sun sami maɓoya a cikin gonaki. Hankalin kowa a tashe yake, jita-jita kuma ta fi mota gudu.

Ranar Litinin da hantsi ina ofis, sai na ji ajin ya yi tsit. Na leƙa na ga jami'an tsaro a bakin ƙofa, da wani Sufeto a gabansu. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi wane ne Yohanna, Yohanna ya ajiye alli ya ce shi ne. Na gabatar da kaina, na tambayi ko lafiya. Sufeton ya miƙo mini wayarsa.

Hoton rubutu ne, fari a kan baƙi, an yanke gefe da gefe, ba ka ganin komai sai kalmomin. Na karanta:

"Ranar Laraba, ranar kasuwa, za ku shiga Tungar Kanya ta gabas kafin rana ta fito. Ku rabu kashi biyu. Kashi ɗaya ya tare gada, kada kowa ya fita. Ku fara kawar da masu gadi, sannan ku kewaye rumfunan kasuwa. Kada ku bari ko ɗaya ya tsere."

A ƙasa an sa: Kwamanda Yohanna.

Na ce, "Yallaɓai, wannan ai wasa ne. Babu ma wani gari mai wannan suna, ƙirƙira shi ya yi."

Ya dube ni ya ce, "Akwai. Tana can wajen Gwashi. Tana da gada, kasuwarta kuma Laraba take ci. Tun jiya mutane ke kwashe kaya suna barin gari."

Na juya na kalli Yohanna, na ga bakinsa a buɗe. Daga baya ya gaya mini ya ga itacen kanya ne ta taga ranar da yake neman suna, shi ke nan. Laraba kuwa ya zaɓa don ranar da yake rubutun Laraba ce.

Aka tafi da shi ba ankwa, amma a gaban ɗalibansa. Kafin azahar labari ya gama gari, kuma ya canza kama. Wai an kama wani baƙo da ke koyar da yara dabarun kai hari da kwamfuta. Wai an same shi da taswirar ƙauyuka.

Na yi abin da tsarin aiki ya ce. Na kira shugaban cibiyar na sanar da shi, na sallami ɗalibai, na rufe reshe. Sannan na cire kwamfutar da Yohanna ke aiki da ita, na ɗora a babur na nufi ofishinsu. A zuciyata abin mai sauƙi ne: in kunna, in nuna, mu dawo tare mu ci abincin rana.

Da na isa, mutane sun fara taruwa a tsallaken titi. Ba ihu suke yi ba, tsaye kawai suke. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro.

Aka tayar da janareta, na haɗa wayoyi, na buɗe fagen. Sai da allon ya haska na tuna. Layi biyu ne suka fito: "Ku tare gada. Ku kuɓutar da mutanen kasuwa." Babu Tungar Kanya, babu Laraba, babu sunan kowa.

Sufeto ya ce, "Ina rubutun?"

Na yi masa bayani cewa an rage shi makon jiya saboda ba a karantawa. Ina magana ina jin yadda maganar ke fita, ni kaina ba ta gamsar da ni ba.

Ya ce, "Malam Shehu, tsaya in fahimta. Mutum ya goge rubutu, bayan 'yan kwanaki rubutun ya ɓulla a wayoyin mutane. In kai ne ni, me za ka ɗauka?"

Na ce to a kira masu wasan. Wannan fage sun shafe watanni suna buga shi, tsohon bayanin yana fitowa a gabansu kullum. Ya yarda. Na ba da sunayen waɗanda suka fi zuwa, aka aika aka kira su. Ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, a nuna musu hoton, a tambaye su ko sun taɓa ganin wannan rubutu.

Duk cikinsu babu wanda ya gane shi.

Ba ƙarya suka yi ba, ba kuma tsoro ne kaɗai ba. Akwai wani mai walda, shi ya fi kowa iya fagen, ido rufe zai kai ka gadar. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Yallaɓai, gadar na san ta, kasuwar na san ta. Amma wallahi ni da na ga rubutu dannawa nikai. Lokacin da aka ba mu kaɗan na. In na ce na taɓa karanta wanga, na yi ƙarya."

Da na ƙarshe ya fita, Sufeto ya jingina da kujera ya ce, "Kai ka ce wasa ne. Injinka bai nuna ba. Masu wasan sun ce ba su san shi ba. Ni kuma ina da gari guda da ya watse." Ya ce umarnin da aka ba shi daga sama shi ne, in ba a samu gamsasshiyar hujja ba, ranar Laraba da safe za a wuce da Yohanna Gusau. Ya ƙara da cewa kada in kawo masa wani abu da ya kwana a hannuna, domin zan iya zama in buga shi da kaina.

Aka bar ni na ga Yohanna na ɗan lokaci. Yana zaune a kan benci, an cire masa takalmi da bel. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya tambaya shi ne, "Da gaske mutane sun gudu?" Na ce haka aka ce. Ya sa kansa cikin tafin hannunsa. Can ya ɗago ya ce, "Oga, na taɓa kwafe fagen a filas na kai wa Anka da Bukkuyum tun kafin azumi. Nasu tsohon ne."

Ina fita na kira reshen Anka. Suka ce sun goge komai daga injinansu don horon jarrabawa. Na kira Malama Luba, shugabar reshen Bukkuyum, waya ta ƙi shiga. Na yi ta gwadawa har rana ta yi sanyi, babu sabis a wajensu.

A bakin ƙofa na haɗu da Rifkatu, tana riƙe da kular abinci, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta ce mai gidan da suke haya, wani dattijo, ya fito da tabarma ya zauna a ƙofar gidan tun azahar, ya ce duk mai magana ya zo ya same shi. Sannan ta rage murya ta ce, "Malam Shehu, ka faɗa mini gaskiya. In tura yara Zuru?"

In na ce ta tura, na nuna mata na cire rai. In na ce kada ta tura, wani abu ya faru fa? Na ce ta kai su gidana wurin maiɗakina, ta ba ni zuwa gobe da yamma.

Talata da sassafe na shiga motar haya zuwa Bukkuyum. Shugaban cibiyar ya ce ba zai umarce ni in bi hanyar nan ba, ba kuma zai hana ni ba. Direbanmu yana tafe yana tsayar da duk motar da ta fito daga gaba, ya tambaya, "Ya hanya?" Sai an ce lafiya ya ci gaba. Gero ya rufe gefen titi hagu da dama, ba ka hango komai. Duk sanda aka ji ƙarar babur daga cikin gona, hira ta mutu a motar har sai ya fito an ga manomi ne da buhun taki. Da muka matso, muka fara cin karo da mutane a kan amalanke da babura, da katifu da tukwane da kaji a ɗaure. Wata mata a bayana ta ce 'yan Tungar Kanya ne, an aiko musu da takarda za a shiga gobe. Ban iya gaya mata na san hannun da ya rubuta takardar ba.

Na sami Malama Luba a reshe. Ita ma hoton ya iso wayar maƙwabciyarta, amma ba ta danganta shi da mu ba, domin ita ma ba ta taɓa karanta bayanin ba. Na miƙa hannu zan kunna injin, ta ce, "A'a Malam, kada ka taɓa. Bari ya zama hannuna kaɗai." Ta kunna, ta buɗe fagen, sai ga shi. Shafi uku cif. Na farko ya ce wasu miyagu sun mamaye gari sun tsare mutane a rumfunan kasuwa, ku ne rundunar da aka aiko ceto. Na biyu shi ne wanda ke yawo a wayoyi. Masu gadin da za a kawar na miyagun ne, su ne kuma ba a so su tsere. Na uku ya ce a raka mutane gidajensu.

Na zauna a kan kujerar ɗalibai.

Ta ce za ta ɗauki injin da kanta ta bi ni Gummi. Amma ta tsaya tana tunani, ta ce, "Wannan zai nuna rubutun na wasa ne. Ba zai nuna yadda ya fita ba. Za su ce wani ya yi amfani da shi da gangan." Sai ta tuna akwai mutum ɗaya da ta taɓa gani yana ɗaukar allo hoto da waya. Sunansa Dikko, yana da shagon maganin dabbobi a kasuwa, magidanci ne, yakan zo wasa in ciniki ya lafa.

Muka same shi a shago yana jera kwalabe. Da ya ga Malama Luba da baƙo, ya ajiye abin da ke hannunsa. Ban gama gabatar da kaina ba ya ce, "Na san abin da ya kawo ku."

Ya ja mu ciki. Ya ce fagen gadar nan ya hana shi sakat, kullum a nan ake kashe shi. Ya yi tunanin ƙila akwai dabara a cikin rubutun, amma in ya tsaya karantawa lokacinsa zai ƙare. Sai ya ɗauki shafukan uku hoto don ya karanta a gida a natse. Ya karanta, ya gane ashe kashi biyu ake rabuwa, ya dawo ya ci fagen. Ya manta da hotunan. Ranar Asabar kawunsa ya karɓi wayar don ya duba hoton wata saniya da za a saya, ya ci karo da shafi na biyu. Kawun yana da 'ya da ke aure a Tungar Kanya. Bai tambayi kowa ba, ya tura wa surukinsa ya ce su fita.

Na ce, "Dikko, hotunan suna nan?"

Ya ce suna nan. Innarsa ta ce ya jefa wayar a rijiya, bai jefa ba, bai kuma san abin da ya hana shi ba.

Na roƙe shi ya biyo mu. Ya ce, "Malam, useni, don Allah ka dube ni da kyau. Ni ɗan Fulani na. Danginmu na daji da shanu. In anka ga wanga hoto cikin wayata, mi kake jin za a ce? Shi malaminku ana iya sakinai, ni a riƙe."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Na ce ba zan yi masa alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Abin da na gani kawai shi ne Sufeton mutum ne mai sauraro. In ya ga ba zai iya ba, za mu tafi da injin kaɗai, kuma ba zan ambaci sunansa ba.

Wani makiyayi ya shigo neman maganin tsutsar ciki. Dikko ya auna masa, ya gaya masa yadda ake ba maraƙi, ya sallame shi. Ya dawo ya tsaya. Ya ce, "Ni ban taɓa ganin mutumen ba. Amma ya iya rubutu." Ya ɗauko kwaɗo ya rufe shagon, ya ce bari ya gaya wa Inna.

Bai dawo shi kaɗai ba. Tsohuwar ta biyo shi da mayafinta da 'yar butarta. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai na ka zo ɗaukar mini ɗa? To mu tahi. In sun riƙe shi, su riƙe mu biyu." Babu wanda ya iya hana ta.

Haka muka kamo hanya, injin a kan cinyar Malama Luba an naɗe shi da zane saboda ruwa ya fara saukowa. A kowane shinge aka tsayar da mu, sai in ga hannun Dikko ya tafi kan aljihun da wayar take. A wani shingen aka ce a buɗe zanen. Na yi bayani, na ba da lambar Sufeto, aka kira shi, sannan aka bar mu. Inna kuwa carbi kawai take ja duk tafiyar.

Mun isa bayan la'asar. Mutanen tsallaken titi sun ƙaru. Da suka ga an fito da injin da wani Bafulatani, aka fara gunaguni. Jami'ai suka shigar da mu da sauri.

Sufeto ya sa Malama Luba ta haɗa injin, ya sa wani jami'insu da ya san kwamfuta ya duba ranar da aka ajiye fagen. Watanni ne da suka wuce. Sannan Sufeton ya zauna da kansa. Rubutu ya fito, hannunsa ya taɓa maɓalli, sai ga shi a tsakiyar fage, ƙarar harbi ta cika ɗakin. Wani jami'i ya leƙo da gudu daga waje. Sufeto ya ce, "Kashe sautin nan. Mayar da ni baya." Aka mayar da shi. Ya karanta shafukan uku a hankali, yana bin layi da yatsa, ya koma ya sake.

Sai ya karɓi wayar Dikko. Hotuna uku ne a jere, rana ɗaya aka ɗauke su, tun kafin damina ta zauna. A na farko ana ganin gefen allo, da bangon reshen Bukkuyum mai shuɗin fenti, har da gwiwar hannun wani da ke zaune kusa.

Aka fitar da mu, aka bar Dikko a ciki. Wannan zaman shi ya fi mini tsawo a duk kwanakin. Inna ta shimfiɗa mayafi a barandar ofis ta zauna tana fuskantar ƙofar. Rifkatu ta iso, ta tsaya can gefe. Ba su san juna ba. Na ga Rifkatu ta buɗe jaka ta miƙa wa tsohuwar ruwan leda, ta karɓa ta riƙe ba ta kai bakinta ba. Ni kuma ina ta lissafin abin da zan ce wa matan nan in aka fito da ɗaya aka bar ɗaya.

Kafin magariba ƙofa ta buɗe. Dikko ya fito, Yohanna na bayansa riƙe da takalmansa a hannu. Aka sa ni da Malama Luba muka sa hannu cewa za mu kawo su duk sanda aka neme su. Sufeto ya fita da kansa ya yi wa mutanen waje bayani, ya kuma aika saƙo wajen Gwashi a sanar a masallatai. Da zan tafi ya kira ni gefe ya ce, "Ban yi nadamar ɗauko shi ba. Da a ce harin gaskiya ne fa?" Na ce ban ga laifinsa ba, har yau kuma ban gani ba.

Amma sanarwar ta makara. Ranar Laraba kasuwar Tungar Kanya ba ta ci ba. Mutane sun kwana biyu a makarantu da gidajen dangi cikin ruwa. Wata mata ta haihu a hanya. Wasu da suka koma sun tarar dabbobi sun shiga gona. Yohanna ya dawo aiki, amma ya daina taɓa wasan. Ɗalibai kaɗan iyayensu suka cire su.

Bayan 'yan makonni, wata safiya, sai ga mai garin Tungar Kanya da dattawa biyu a ƙofar reshenmu. Na shigar da su, na kira Yohanna. Ya durƙusa ya gaishe su, ya fara ba da haƙuri. Mai gari ya ɗaga hannu ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya ce shi bai yi boko ba, shafi ɗaya aka karanta masa, kuma a kan wannan shafi ya ce wa mutanensa su tashi. Yana so a karanta masa duka.

Lokacin mun riga mun kwafo tsohon daga Bukkuyum. Yohanna ya buɗe, ya karanta da murya tun daga farko. Dattawan ba su motsa ba. Da ya kai inda aka ce a raka kowa har ƙofar gidansa, a tabbatar yara sun sha ruwa, ya tsaya.

Mai gari ya ce, "Ashe ceto kunka zo yi muna." Ɗaya daga cikin dattawan ya yi 'yar dariya, ya goge ido da bakin rawani.

Yohanna ya ce, "Ranka ya daɗe, zan goge shi gaba ɗaya."

Mai gari ya ce, "A'a. Cire sunan garinmu dai. Sauran ka bar shi. Mu ba mu cika jin labarin da anka zo ceto da wuri ba, ko na ƙarya na."

Abin da na koya ke nan, ku da kuke shigowa aikin yanzu. Yawancin masu wasa ba sa karanta bayani, kuma ba don ba su da hankali ba, lokaci ne muke ƙuntata musu. Amma rubutu ba ya zama inda ka ajiye shi. Yana iya fita ba tare da kai ba, ba tare da shafin da ke gabansa ko na bayansa ba, ya faɗa hannun wanda ke da 'ya a garin da ka ɗauka babu shi. Ku rubuta kowane shafi kamar shi kaɗai za a gani. Kuma in rana ta ɓaci, kada ku yi saurin yanke wa mutanen yankin nan hukunci. Na ga tsoro ya watsa gari guda, na kuma ga mutumin da ya fi kowa dalilin ɓuya ya rufe shagonsa ya shiga mota saboda wani da bai taɓa gani ba.